Kwamfutar Raspberry Pi: Yadda Ake Haɗa Ta da Yadda Ake Gano Abin da Ke Damunta

Akwai wata irin kwamfuta wadda duk jikinta bai wuce tafin hannu ba, tsawonta milimita 85, faɗinta milimita 56, watau kusan daidai da katin cirar kuɗi na banki. Sunanta Raspberry Pi. Ba ta zuwa da akwati, ba ta zuwa da allon kallo ko allon rubutu. Ɗan koren faranti ne guda, wanda aka jera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ma'ajiyarta da kafofinta duka a bisansa. Malaman makaranta da ɗaliban fasaha da masu gyaran rediyo da wayar hannu sukan saye ta domin koyo, ko domin su sa ta wani aiki, kamar kunna famfon lambu ko ajiye littattafan makaranta. Sau da yawa kuwa mutum yakan kashe kuɗinsa ya sayo ta, ya haɗa, ta ƙi tashi, sai ya jefa ta cikin akwati ya ce an cuce shi. Alhali kuwa galibi lafiyar farantin lau. Laifin yana ga ƙananan abubuwan da aka jona masa, waɗanda ba a ɗauke su a bakin kome ba, watau caja da kebul da katin memori.

Asalinta

A garin Kambirij na ƙasar Ingila aka ƙirƙiro ta. Wani masani mai suna Eben Upton da abokan aikinsa na jami'ar garin sun lura cewa matasan da ke neman shiga sashen ilmin kwamfuta suna raguwa, kuma waɗanda ke zuwa ba su saba da taɓa cikin na'ura ba kamar na gabaninsu. Suka ga dalili shi ne kwamfutar gida ta yi tsada, har iyaye ba su yarda yaro ya yi wasa da ita. Saboda haka suka kafa gidauniya domin su yi wadda in yaro ya ɓata ta ba za a yi babbar hasara ba. An fara sayar da ita a watan Fabrairu na 2012 a kan dala 35. Daga baya aka fito da Pi 2 da ƙaramar Pi Zero a 2015, Pi 3 a 2016, Pi 4 a 2019, sa'an nan Pi 5 a 2023. Akasarinsu a wata masana'antar kamfanin Sony da ke yankin Wels ake ƙera su. Ya kamata mai ita ya san wace iri ce a hannunsa, domin bukatunsu sun bambanta. An rubuta sunan a jikin farantin.

Maganar wuta

A nan ne yawancin wahala take, saboda haka lalle ne a fahimci abu biyu game da wutar lantarki. Na farko shi ne ƙarfin da ke tura wutar, wanda ake aunawa da bolt. Na biyu shi ne yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya. Misalinsu kamar ruwan famfo ne, akwai ƙarfin da ruwan ke fitowa da shi, akwai kuma yawan ruwan da bututu zai iya ɗauka. Kowace Raspberry Pi bolt 5 take so, amma yawan abin da take sha ya danganta da irinta. Pi 3 tana bukatar caja mai amfiya 2.5, Pi 4 mai amfiya 3. Pi 5 za ta tashi da mai amfiya 3, amma sai da mai amfiya 5 take ba kafofinta na USB cikakkiyar wuta.

Cajar wayar hannu ita ma bolt 5 take bayarwa, bakinta kuma yana shiga kafar kwamfutar daidai. Wannan shi ke ruɗin mutane. Aikin cajar waya shi ne ta cika batir a hankali, kuma in ƙarfinta ya ɗan ragu batirin bai damu ba, sai dai ya daɗe bai cika ba. Kwamfutar kuwa ba ta da batir da za ta dogara da shi. Abin da ya shigo a wannan ƙiftawar ido, shi za ta yi aiki da shi. Kuma shan wutarta ba daidai yake kullum ba, in tana hutawa kaɗan take sha, in aka ba ta aiki mai nauyi sai ta zuƙa farat ɗaya. Caja marar ƙarfi a daidai wannan lokaci take gazawa. Shi ya sa ake ganin kwamfuta ta tashi lafiya, amma da zarar an buɗe shafin intanet ko an jona wani abu, sai ta ɗauke ta sake tashi.

Kebul ma yana da nasa laifi, har wani lokaci ya fi na caja. Duk wayar tagulla tana cinye wani abu daga ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta, kuma gwargwadon sirantarta da tsawonta, gwargwadon abin da take ci. Alal misali, a ce caja ta ba da bolt 5 cif, kebul kuma siriri ne mai tsawo, ya cinye bolt 0.6 a lokacin da kwamfutar ke jan amfiya 2. Abin da zai isa farantin bolt 4.4 ne kaɗai. Ita kuwa da zarar ƙarfin ya sauka ƙasa da bolt 4.63, ta ɗauka wuta ta kasa. Wannan ne dalilin da ya sa cajar da masu kwamfutar suka yi mata take ba da bolt 5.1, kuma aka haɗe ta da gajeren kebul mai kauri. Wanda bai sami irin wannan ba, ya nemi caja ta kirki da kebul mafi kauri da gajarta. Araha ba ta ado, kuma a nan 'yar rangwamen da aka samu wajen sayen kebul ita ke jawo hasarar kati da aikin da ke cikinsa. Abin sauƙi guda shi ne, soket mai baki uku da ake amfani da shi a Nijeriya iri ɗaya ne da na Ingila, saboda haka cajar da aka yi wa kasuwar Ingila tana shiga ba tare da an nemi wani abin ƙari ba.

Kwamfutar da kanta tana faɗin in wuta ba ta ishe ta ba. A kan Pi 3 da Pi 4 akwai 'yar jar fitila wadda ya kamata ta tsaya kyam. In tana ɗaukewa tana dawowa, ko ta mutu alhali kwamfutar tana aiki, wuta ce ta yi ƙasa. A allon kallo kuma gargaɗi yakan fito a kusurwar sama ta dama, tsofaffin manhajoji alamar walƙiya suke nunawa. Mai son tabbatarwa ya buɗe tagar ba da umarni ya rubuta vcgencmd get_throttled. In amsar ta fito 0x0, ba abin da ya faru tun da aka kunna ta. In ta fito 0x50005, ma'anarsa wuta ta kasa a yanzu, kuma ƙwaƙwalwar ta rage gudu domin ta jure. In kuwa 0x50000 ne, abin ya faru ɗazu amma ya wuce.

Akwai wani aibi da ya shafi Pi 4 na farkon fitowa a 2019. An yi kuskure wajen ƙera kafar wutarsu, har wasu kebula masu tsada, irin na manyan kwamfutocin cinya, ba su ba su wuta ko kaɗan. An gyara wannan a waɗanda aka ƙera daga baya. Wanda ya sayi ta hannu, ya jona, bai ga ko fitila ba, ya gwada kebul na talaka tukuna kafin ya yanke mata hukunci.

Katin memori

Raspberry Pi ba ta zuwa da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. A kan ɗan katin memori irin na wayar hannu ake rubuta ta, kuma a kansa dukan aikin mai ita yake zama. Kati mai gigabayit 32 ya wadatar. Babbar manhajar, wadda ake kira Raspberry Pi OS, kyauta ce. A da sunanta Raspbian, aka sauya a 2020. Ana bukatar wata kwamfuta dabam mai intanet, a sauko da 'yar manhajar da ake kira Raspberry Pi Imager, a zura katin, a zaɓi irin farantin, a zaɓi babbar manhaja, a zaɓi katin, sa'an nan a bar ta ta rubuta. A lura ƙwarai wajen zaɓen katin, gama duk abin da aka zaɓa za a share shi tas. In ta gama rubutu takan bi ta duba abin da ta rubuta. Kada a yi gaggawar tsallake wannan dubawa, domin a nan ne mugun kati yakan fara tona kansa.

Kwafar fayil ɗin a zuba cikin kati kamar yadda ake zuba waƙoƙi ba ya aiki, tilas ne a rubuta shi ta hanyar da aka faɗa. Har ila yau, in an mai da katin cikin kwamfuta mai Windows, takan ce ba ta gane wani sashe nasa ba, ta nemi izinin share shi. Kada a yarda. Sashen lafiyarsa lau, tsarinsa ne ba irin nata ba.

Kafin a rubuta katin, Imager tana ba da damar a sa sunan mai aiki da kalmar sirri, da sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa, da ƙasar da ake. Tsofaffin littattafai suna cewa a shiga da sunan pi da kalmar raspberry, amma an daina wannan tun watan Afrilu na 2022, saboda ɓarayin intanet sun san shi. Yanzu kowa shi ke zaɓen nasa. Haka kuma katin da aka rubuta shekarun baya ba lalle ne ya tayar da sabon faranti ba. Pi 5, alal misali, ba ta tashi da manhajar da ta girme ta.

Sai maganar jabun kati, wanda ya cika kasuwa. Irin wannan kati an rubuta masa gigabayit 64 ko 128 a jiki, kwamfuta ma haka za ta nuna, amma ainihin cikinsa ƙarami ne. Yakan yi aiki kwana da kwanaki, sai ranar da aka cika ainihin cikin, daga nan duk abin da aka ƙara ko dai ya ɓace ko ya hau kan na farko ya lalata shi. Malamin da ya tara aikin ɗalibansa na zango guda a kan irin wannan kati ba zai sani ba sai ranar da ya neme shi. Akwai manhajar gwaji ta kyauta, H2testw a Windows ko F3 a Linux, wadda ke cika katin ta karanta shi duka ta faɗi gaskiyar cikinsa. Gwajin yana cin lokaci, amma a yi shi tun ranar da aka sayo katin, tun mai shago bai manta fuskar mai saye ba.

Haɗawa

A ajiye farantin bisa katako ko takarda ko cikin akwatinsa na roba, kada bisa ƙarfe, domin ƙasansa cike yake da ɗigon dalma tsirara. A riƙe shi ta gefe. Lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har tufafi ke tartsatsi, mutum ya fara taɓa wani ƙarfe babba kafin ya taɓa shi. A zura kati, a jona allon rubutu da linzami, a jona kebul na HDMI zuwa talabijin, a kunna talabijin ɗin a kai shi tashar da aka jona. Wuta ita ce ta ƙarshe. Pi 4 da Pi 5 suna da ƙananan kafofin HDMI biyu, a fara da wadda ke kusa da kafar wuta. Tashin farko yakan ɗauki 'yan mintoci, har ta kashe kanta ta sake tashi. A yi haƙuri, kada a zare wuta a tsakani.

Kashewa, da ɗaukewar wuta

Wannan ya shafi Nijeriya fiye da ƙasar da aka ƙera na'urar. Kwamfuta tana rubuce-rubuce a kan kati ko da mai ita bai taɓa kome ba. In wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, abin da ke kan katin yana iya rikicewa, gobe a kunna ta ƙi tashi. Saboda haka ba a kashe ta da zare caja. A zaɓi kashewa daga jerin umarnin allo, ko a rubuta sudo poweroff, a jira koriyar fitila ta daina ƙiftawa, sa'an nan a kashe soket. Pi 5 tana da maɓallin kashewa a jikinta.

Amma ɗaukewar wuta ba ta sallama, haka nan sauyawa zuwa janareta. Wasu sukan sa batirin cajin waya a tsakani, sai dai da yawa daga irin waɗannan batura sukan yanke wuta na ɗan lokaci sa'ad da aka ɗauke ko aka kawo, wannan kuwa ya isa ya kashe kwamfutar. A gwada tukuna kafin a dogara da shi. Mai batirin sola na bolt 12 kada ya kuskura ya jona kai tsaye, sai ta na'urar da ke sauko da wutar zuwa bolt 5. In kwamfutar aiki ɗaya take yi kullum ba mai tsaronta, akwai zaɓi cikin raspi-config da ke hana ta rubuta kome a kan kati, ta yadda ɗaukewar wuta ba za ta yi masa illa ba. Ko ta yaya, a riƙa ajiye kati na biyu da aka kwafe na farko a kansa. Manhajar kwafar kati tana nan cikin babbar manhajar.

Ɗaukewar wuta tana jawo wani abu kuma da ke rikita sabon shiga. Daga ta farko har zuwa Pi 4, ba wadda ke da agogo mai batir, daga intanet suke samun lokaci. In an kunna ba intanet, kwanan wata zai zauna a baya, kuma in agogo bai yi daidai ba shafuka da yawa sukan ƙi buɗewa. Da ta sami intanet na ɗan lokaci takan gyara kanta. Pi 5 tana da agogo, amma sai an saya masa ɗan batirinsa.

Zafi

In zafin ƙwaƙwalwar ya kai digiri 80, takan fara rage gudu domin ta kare kanta, a digiri 85 kuma ta ƙara ragewa. A watannin bazara, inda zafin gari kansa ke haura digiri 40, ba wuya a kai wannan iyaka, balle in an rufe ta cikin akwati marar huda a ɗaki mai rufin kwano. Umarnin vcgencmd measure_temp yana nuna zafin. Magani shi ne ɗan ƙarfe mai shan zafi da ake mannawa bisa ƙwaƙwalwar, da 'yar fanka, musamman ga Pi 4 da Pi 5. Bayan hunturu a hure ƙurar da ta taru.

In ta ƙi tashi

Ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya kaɗai a kowane gwaji. Wanda ya sauya caja da kati da kebul gaba ɗaya, ko da ta tashi bai san mai laifin ba, kuma zai sake faɗawa hannunsa. A fara da cire duk abin da aka jona, a bar kati da wuta da talabijin, sa'an nan a dubi fitilu.

In ba fitilar da ta kama, maganar wuta ce, a gwada wani soket da wata caja da wani kebul. In ja ta kama amma koriya ba ta motsa ba, ba a karanta katin ba ne, ko bai zauna daidai ba, ko ba a rubuta shi daidai ba. In koriyar tana ƙiftawa barkatai, alama ce mai kyau, tana karatu ke nan. In kuwa tana ƙiftawa da ƙidaya, ta tsaya, ta maimaita, to saƙo take bayarwa, a ƙirga. Sau 4 yana nufin ba ta sami fayil ɗin farko da take tashi da shi ba. Sau 7 yana nufin ba ta sami zuciyar babbar manhajar ba. Dukansu biyu sake rubuta kati yakan warkar da su. Sau 8 ya fi muni, domin ma'ajiyar aiki ta jikin farantin yake nufi. Pi Zero koriya kaɗai gare ta, Pi 5 kuma fitila ɗaya ce mai sauya launi daga ja zuwa kore.

Pi 4 da Pi 5 suna da wata dabara mai amfani. In aka cire katin gaba ɗaya aka kunna, sukan nuna allon bayani a talabijin. Ganin wannan allo shaida ce cewa farantin da kebul da talabijin duk suna da rai, saura kati. In allo ya tsaya a kan launuka irin na bakan gizo bai wuce ba, a sake rubuta katin da sabuwar manhaja, a kuma duba wuta. In koriyar fitila tana aikinta amma talabijin baƙi ƙirin, a duba tasha, a duba kafar da aka jona, a sake kunnawa bayan talabijin ya riga ya kama.

Wasu ƙananan abubuwa ba ciwo ba ne. In an danna alamar @ wata alama ta fito, tsarin allon rubutun ne na Ingila alhali allon na Amurka ne, a gyara cikin saiti, domin wannan yakan sa kalmar sirri ta ƙi karɓuwa. In Wi-Fi bai bayyana ba, a tabbata an zaɓi ƙasa. Pi 3 ta 2016 kuma zangon gigahaz 2.4 kaɗai take gani.

Ƙusoshi 40

A gefen farantin akwai ƙananan ƙusoshi 40 a layi biyu, waɗanda ta cikinsu ake jona fitilu da maɓallai da na'urorin awo. Su ne daɗin wannan kwamfuta, su ne kuma hanyar da aka fi kashe ta da gaske. Ƙusoshin saƙo bolt 3.3 suke ɗauka, in aka ba su bolt 5 ƙwaƙwalwar tana iya ƙonewa, kuma ba a gyara ta. Ƙusa ta 1 tana ba da bolt 3.3, maƙwabciyarta ta 2 tana ba da bolt 5, kuma ɗan ƙarfe ko bakin sukudireba da ya haɗa su na ƙiftawar ido ya isa. Saboda haka ba a jona kome sai an kashe wuta, ba a kuma kunnawa sai an ƙirga ƙusoshin sau biyu. Fitila tana bukatar ɗan abin rage wuta mai om 330 ko makamancinsa. Injin da ke juyawa kuwa ba a jona shi kai tsaye ko kaɗan, wutar gida balle.

Wanda ya gwada caja mai kyau, da katin da ya tabbata yana tayar da wani faranti irin nasa, amma har yanzu shiru, gwaji ɗaya ya rage masa. Ya sa wayoyi biyu masu rufin roba a ƙusa ta 1 da ta 6 tun wuta tana kashe, domin kada bakin mita ya goce ya taɓa ta 2, sa'an nan ya kunna ya auna tsakaninsu. In mita ta nuna bolt 3.3, a koma kan kati da manhaja. In ba ta nuna kome ba alhali ƙusa ta 2 tana da bolt 5, farantin ne ya lalace, sai a cire katin a adana, domin aikin da ke cikinsa zai tashi a kan wani farantin irinsa.